Baba Istifanus ya koma gida, wa zai riƙa buɗe mana Maganar Allah ranar Juma'a?

Saratu: Salamar Ubangiji a gare ku duka. Akwai maganar da kowa yake ta kewaye ta, bari ni in fasa. Tun da kwantiragin Baba Istifanus ya ƙare ya koma Kafanchan, taronmu na Juma'a a nan Riyad ya zama waƙa da addu'a kawai, sai a kunna wa'azin wani fasto a YouTube, mu yi zuru muna kallon waya, a sha shayi a watse. Ga Mama Rifkatu a zaune cikinmu. Ta yi makarantar Littafi Mai Tsarki kafin ta shiga aikin ungozoma, ta riƙe Zumuntar Mata a gida shekara da shekaru. In kowa ya samu fitowa mu goma sha huɗu ne, goma sha ɗaya mata. Me zai hana ta riƙa koya mana?

Dauda (mai kula da zaure): Kafin a yi nisa, tunatarwa. Ba sunan unguwa, ba sunan asibiti, ba hoto. Kun san ƙasar da muke: babu majami'a ko ɗaya, sujadar cikin gida ba hayaniya ita ce ake kau da kai a kanta. A ci gaba.

Likita Bitrus: 'Yar'uwa Saratu, na gode da kika fito fili. Ina ganin girman Mama Rifkatu ƙwarai, ta haife ni. Amma maganar ba ta ilimi ko cancanta ba ce. A 1 Timoti 2:12 Bulus bai yarda mace ta koyar ko ta yi iko a kan namiji a cikin taro ba, kuma da ya zo ba da dalili a aya ta 13, bai ce don matan Afisa, garin da Timoti yake, ba su yi karatu ba. Farawa ya koma, ya ce Adamu aka fara halitta. Abin da aka kafa a kan halitta, canjin ƙasa ba ya rushe shi. Yawancinmu 'yan ikkilisiyar ECWA ne, kun kuwa san ba a naɗa mace fasto ko dattijo a can. Titus 2 ya ba manyan mata aikin koya wa ƙanana, wannan fili ne babba. In ranar mata ce kaɗai, Mama ta koyar har gari ya waye, zan yi murna.

Ladi: Likita, da girmamawa, a babin nan da ka kawo akwai aya ta 8, inda aka ce maza su riƙa yin addu'a a ko'ina suna ɗaga hannuwa tsarkaka. Ita ta riga ta 12 zuwa. Maza uku gare mu. Kai kullum kana bakin aiki. Ishaya in aka ce ya rufe mana da addu'a sai ya kama zufa. Baban Alheri yana can ɗaya ɗakin yana hana yara ihu kada maƙwabta su ji. To mu ɗin mu zauna da yunwa har yaushe?

Likita Bitrus: Ba ni nake tsara jadawalin asibiti ba, Ladi. Kuma gazawar maza abin kunya ce a gare mu, na yarda, sai dai ba ta soke umarni.

Ladi: Mu ma dawam muke yi, awa goma sha biyu a tsaye, mu sauka daga aikin dare mu wanke fuska mu zo.

Ishaya: Anti Ladi, a yi mini a hankali. Ban daɗe da yin baftisma ba.

Haruna (Dammam): Ni abin da ke zo mini a rai Ayyukan Manzanni 16 ne. Da Bulus ya isa Filibi, ran Asabar ya fita bayan gari zuwa bakin kogi, wa ya tarar sun taru don addu'a? Mata. Ya zauna ya yi musu magana, Lidiya mai sayar da tufafin shunayya ta ba da gaskiya, kuma da aka sake su daga kurkuku gidanta suka nufa suka gana da 'yan'uwa. Ikkilisiyar da Bulus ya rubuta wa wasiƙar farin ciki, wato Filibiyawa, ke nan, daga taron mata ta tashi. Halinku ya fi kama da wannan fiye da babbar majami'a a Jos mai dattawa goma sha biyu da fastoci uku. Af, kuma kada mu ɗauka mu ne farau a ƙasar nan. Kusa da mu a Jubail an gano kangon wata tsohuwar majami'a a 1986, a Najran kuma an kashe masu bi da yawa wajen shekara ta 523 saboda sun ƙi musun Almasihu, da mata a cikinsu.

Likita Bitrus: Malam Haruna, a bakin kogin wa ya yi koyarwar? Bulus. Lidiya ta buɗe gidanta, ba a ce ta yi wa'azi ba.

Hannatu: Ni daga Takum nake, bari in ba ku namu tarihin. Wadda ta jagoranci aikin bishara a Lupwe mace ce, Johanna Veenstra, ba ta ma taɓa aure ba. Ta iso Nijeriya a 1920 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SUM, ta rasu a 1933, kabarinta yana Vom. Ikkilisiyar da ta fito a Amurka ba ta ba mace muƙami a lokacin, amma ita ta koyar da mazan da suka zama masu bishara na farko a yankinmu, ita take fita ƙauyuka wa'azi. Yau makarantar horar da fastocinmu a Donga sunanta take ɗauke da shi. Kakana a bakin ɗalibanta ya ji bishara. Ku tambayi duk wanda ya tashi a tashar mishan ta SIM ko SUM wa ya koya wa kakansa karatun Littafi, sau da yawa za ku ji an ce wata baturiya ce. Abin da na kasa ganewa shi ne, in jeji ne babu kowa, mace ta isa. Da zarar an yi gini an sa bagadi sai a tuna da ayar.

Likita Bitrus: Allah yakan yi aiki ta hanyar da ba a saba ba in maza suka noƙe. Haka aka yi a zamanin Debora, har ta gaya wa Barak darajar nasarar ba za ta zama tasa ba. Amma ba a gina ƙa'ida a kan larura.

Ladi: To Hulda fa? 2 Sarakuna 22. Da aka tsinci littafin shari'a a Haikali a shekara ta goma sha takwas ta sarautar Yosiya, Irmiya yana raye, ya riga ya shekara biyar yana annabci. Duk da haka babban firist Hilkiya da manyan fadawan sarki wurin Hulda suka tafi. Ba rashin maza ne ya kai su ba. Sannan a 1 Korantiyawa 11:5 Bulus ɗin nan dai yana maganar mace mai yin addu'a da annabci, abin da ya dame shi ta rufe kanta ne, bai ce ta rufe bakinta ba.

Likita Bitrus: Annabci daban, koyarwa da iko daban. Babi na 14 na wasiƙar ma yana nan, aya ta 34, inda aka ce mata su yi shiru a taro.

Saratu: Wannan bambancin ne nake so a warware mini, don a gida ban ga ana bin sa yadda ake faɗa ba. Ran Lahadi matan zumunta sukan tashi da tulu da kacau-kacau a gaban maza da dattawa da fasto, su rera waƙa mai baiti bakwai a kan mazan da ke shan burkutu suna barin yara ba kuɗin makaranta, har da aya. Maza su sunkuyar da kai. Wani lokaci abin da mutane ke tafiya gida da shi ke nan, ba wa'azin bagadi ba. Ba wanda ya taɓa cewa sun saɓa wa Timoti. Ashe in da kiɗa ne ya halatta?

Haruna (Dammam): Saratu, kin sa ni dariya a wurin aiki.

Baban Alheri: Tun da an ambace ni, bari in sa baki, ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo.

Ni malamin sakandare ne a Gombe kafin mu zo. Maman Alheri ce ta samu aikin, ni a ƙarƙashin iƙamarta nake, wato takardar izinin zamanta, murafiƙ, ɗan rakiya ke nan, ba ni da izinin yin aiki. Kowane wata riyal 400 ake biya a kaina, 400 a kan kowane yaro, daga albashinta. Ni nake kai yara makaranta, ni nake girki in tana dare, na iya tuƙa tuwon semo yanzu ba gudaji. 'Yan'uwana a gida sun sa mini suna mijin Hajiya. Wani kawuna, dattijo ne a majami'a, ya turo mini 1 Timoti 5:8, cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni. Daren nan ban yi barci ba.

Abin da ya fitar da ni shi ne zama da Afisawa 5 a hankali. An ce miji shi ne kan mace kamar yadda Almasihu yake kan ikkilisiya, gaskiya ne, ban goge ta daga Littafina ba. Amma da aka zo bayyana abin da kan zai yi, ba a ce ya fi samun kuɗi ba, ba a ce a kawo masa ruwan wanka ba. An ce ya ƙaunace ta yadda Almasihu ya ba da kansa. Luka 8 kuma ya nuna mata ne, su Yuwana da Suzana, suke ɗaukar nauyin Yesu da almajiransa daga abin hannunsu, bai kuwa rage masa komai ba. Mun zauna da matata muka duba, muka ga zuwanmu tare ya fi a raba yara da uwarsu, ni na yanke shawarar ajiye aikina. In wannan ba kula da iyali ba ne, ban san mene ne ba.

Game da wa'azi, Likita, in ka ce in tashi in yi don kawai ni namiji ne, zan iya haɗa ɗan jawabi, malami ne ni. Amma duk ɗakin sun san in na maƙale Mama zan juya in tambaya. Wannan wasan kwaikwayo ne, kuma yarana suna kallo.

Jummai: Baban Alheri, Allah ya ƙara irinka. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Na san wata 'yar'uwa, ba a zauren nan take ba, shekaru tana turo kuɗi a yi gini, ta je hutu ta tarar takardun fili da sunan miji shi kaɗai, har da wata a ciki. Da ta yi magana sai ya ce ai shi ne kai. Dattawa suka ce ta yi haƙuri ta yi biyayya. Shi ya sa wasunmu da mun ji an ɗauko ayoyin nan sai gabanmu ya faɗi.

Likita Bitrus: Wannan mutumin ɓarawo ne kuma mazinaci, horon ikkilisiya ya kamace shi, dattawan da suka rufa masa kuma za su ba da lissafi. Kada a haɗa ni da shi. Amma a faɗi ɗaya gefen ma, akwai matan da riyal ya shiga hannunsu suka daina gaida mazansu. Ba na so mu gyara zalunci ta wurin yar da Nassi. Kuma mu lura da iskar da ke kaɗa mu. A ƙasar nan ma sai a 2018 mata suka fara tuƙi, yanzu komai yana sauyawa da gudu. Duniya tana da nata dalilan, mu namu ma'aunin ba ya bin yayi.

Hannatu: Al'ada ai ta kowane gefe take shigowa, Likita. Mu da muka tashi inda mace ba ta cin abinci tare da miji, ba ta kiran sunansa, kana ganin ba mu shiga da wannan cikin karatunmu ba?

Talatu: Ina wuni iyayena da yayyena. Yanzu na gama wanke-wanke na samu waya. Ni aikin gida nake yi, ban taɓa zuwa taronku ba, Juma'a ce ranar da baƙi suka fi yawa a gidan, tun safe ina kan shinkafar kabsa. Ban yi boko sosai ba. Mama Rifkatu ce take turo mini murya kowane dare, tana karanta mini Luka kaɗan-kaɗan tana bayani. Mun kai wurin Zakka. Akwai wani ɗan garinmu direba a wani gida, shi ma ba ya samun fita, nakan tura masa yana ji. Ya ce in tambaya, shi da yake namiji, laifi ne yana ji?

Ladi: Likita, ga tambaya.

Likita Bitrus: Talatu ƙanwata, ba laifi ba ne, ki ci gaba da tura masa. Bilkisu da mijinta Akila sun ja Afolos gefe suka ƙara fahimtar da shi hanyar Allah. Abin da nake magana a kai shi ne tsayawa a gaban taron ikkilisiya.

Ladi: A Afisa aka yi wannan fa, garin da Timoti yake. Kuma ikkilisiya a gidansu take taruwa. Falon da muke zama da falon Bilkisu, ina bambancin?

Baba Istifanus: 'Ya'yana, ina biye da ku, wutar lantarki ce ta hana ni amsawa da wuri. Ra'ayina bai canja ba: dattijo da fasto, masu riƙon horo da mulkin ikkilisiya, maza ne, haka na karanta 1 Timoti 3, haka zan mutu a kai. Bitrus bai yi kuskure da ya tsaya a kan ayar ba, kada ku mai da shi abokin gaba. Amma ku dubi abin da kuke da shi. Ba ku da rajista, ba ku da majalisar dattawa, ba ku ɗaura aure, ba ku sa kowa a horo. Kowannenku ɗan wata majami'a ne a gida, can sunansa yake. Ni ma da nake tare da ku ba wanda ya naɗa ni a kanku, furfura ce kawai. Ku baƙi ne da kuka taru ku ƙarfafa juna, kuma Kolosiyawa 3:16 ta ce ku koya wa juna, ku gargaɗi juna. Fasto na YouTube bai san Jummai tana kuka ba, bai san an riƙe wa wani albashi ba. Wanda ya san tumaki shi ya kamata ya ba su abinci. Shawarata, Mama ta jagoranci nazari. Jibin Ubangiji da baftisma kuwa a dakata, kowa ya karɓa in ya zo hutu, ko in Allah ya kawo wanda aka naɗa.

Mama Rifkatu: Na karanta duka, na yi shiru ne don ba kyau mutum ya yi shari'ar kansa.

Ladi 'yata, kin san Littafi, na ji daɗi, amma Likita yayanki ne, sassauta harshe. Likita, ni ma a ECWA aka haife ni, babana mai bishara ne na EMS, ƙungiyar bishara ta ECWA, a ƙauyukan Maguzawa muka yi ƙuruciya. In ya tafi wani ƙauye ya kwana biyu, mamata ce take tara mutane a gindin bishiya ta karanta musu Littafi, maza da mata, don ita kaɗai ta iya karatu. Ba ta taɓa kiran kanta fasto ba, ba ta kuma taɓa cewa su koma gida sai Malam ya dawo ba. Abin da na gani ke nan na tashi da shi.

Ba na neman suna. Ba zan ba da Jibi ba, ba zan yi wa kowa baftisma ba, lamirina bai ba ni ba ko da kun roƙe ni. Amma in kun yarda za mu fara Bisharar Markus, a zaune, kowa da Littafinsa a buɗe, a yi tambaya a amsa. In na faɗi abin da ba ya cikin Nassi, duk wanda ya gani ya tsayar da ni nan take. Ishaya, kai za ka riƙa karantawa, kuma ran Talata da yamma za mu riƙa shiri tare ta waya. Zufar za ta daina. Likita, kujerarka tana nan, duk ranar da ka zo da shiri kai za ka yi.

Ladi: Na ji, Mama, Likita ka yi haƙuri. Amma ban gamsu ba. Wato ke mai riƙon ƙwarya ce har Ishaya ya yi gemu? Kuma maganar Jibi, akwai waɗanda sai bayan shekara biyu suke samun zuwa gida. Su Talatu ma ba a maganarsu. A nuna mini ayar da ta ce sai mai kwala a wuya ne zai gutsura gurasa.

Haruna (Dammam): Wannan wata muhawarar ce mai zaman kanta, kuma a kanta ina bayan Ladi.

Likita Bitrus: Ya wuce, Ladi. Baba, ina girmama ka, amma ban yarda cewa rashin rajista ya hana mu zama ikkilisiya ba. Inda biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana nan, dokokinsa kuma suna nan. Duk da haka ba zan raba taro ba. Na yi magana da wani abokin aiki, za mu yi musanya, Juma'ar farko ta kowane wata ni zan koyar. Sauran makonnin in na samu zuwa zan zauna, zan kuma yi tambayoyi.

Mama Rifkatu: Ka zo da su da yawa.

Dauda (mai kula da zaure): Maganar Jibi a buɗe mata nata zaren gobe, kada ta cakuɗe da wannan. Masu ɗauko mutane a mota, ku daidaita ta saƙon sirri, kada a shigo gaba ɗaya.

Ishaya: Mama, babi na ɗaya duka zan karanta?

Mama Rifkatu: Zuwa aya ta 15. Ka karanta sau uku kafin Talata, ka rubuto abin da bai shige ka ba. Saratu, ki ɗauki muryar nazarin a waya saboda Talatu da ɗan garinsu, amma ban da waƙa, kuma kada a kira sunan kowa.